Taguwar Cindo Mai Ƙafa Shida

Duk wanda ya san gidanmu a Ɗanzomo ya san abu biyu muka gada, cika baki da rashin gona. Dukkansu daga kakanmu Cindo muka samo su, kuma a shekara ɗaya ya gama aikin.

Shekarar kuwa ita ce wadda gyaɗa ta yi kuɗi, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano da 'yan shekaru. Duk mai raƙumi a ƙasar Gumel ya zama abin nema, domin manoma na da gyaɗa amma ba su da abin da zai kai ta ga masu awo. Cindo ya zauna a gindin kuka ya yi lissafi da yatsunsa. Da yatsa shida aka haife shi a hannun dama, dalilin sunan ke nan, shi kuma ya ɗauka Allah ya ƙara masa ne don ya fi kowa iya ƙidaya. Kafin la'asar ya sanar da unguwa cewa zai sayi taguwa, wato macen raƙumi, baɗi ta zama biyu, baɗin baɗaɗa ayari guda. Ya ce daga yau a riƙa kiransa Madugu, don bakin mutane ya saba tun da wuri.

Taguwa a kasuwar Maigatari fam huɗu ce. Da ya sayar da jakinsa da gyaɗarsa, fam ɗaya ya haɗa. Abin da ya rage masa a duniya sai gonar da ubansa ya bar masa a bakin hanyar Gumel, mai kuka biyu a tsakiya. Duk surutun Cindo, in aka zo kan gonar nan muryarsa sauka take yi, don yana sonta har cikin ransa.

Ya shirya ya tafi Gumel wurin Ilu mai kanwa, aminin mahaifinsa, dattijo mai kuɗi da ƙarancin magana. Ilu ya bar shi ya gama zuba, har ya kai ayarinsa Agadas ya dawo da shi, sannan ya ce:

"Hanya biyu ce, ɗana. Ko in ranta maka fam uku, ka ba ni gonarka jingina har ka biya, taguwa taka ce kai kaɗai daga kai har wutsiya. Ko ka nemi mutum uku kowa ya sayi ƙafa ɗaya, kamar yadda ake yi. Babu mai binka ko anini, amma riba huɗu za a raba ta, magana ma huɗu."

Jin an ambaci gona, Cindo ya gyara zama. Ya ce, "Baba, mai bin bashi ba ya jin labari. Taguwa ta mutu, zai zo mini jaje da hannunsa a buɗe. Masu ƙafa kuwa, in ta mutu tare za mu yi kuka. Gonar babana ba za ta kwana a hannun kowa ba."

Ilu ya ce magana ce mai kyau, ya sa aka kawo masa fura.

Da ya dawo gida ya maimaita wa matarsa Larai wannan hikima, har da ƙari. Larai na tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce, "In ta rayu kuma tare za ku yi dariya, maigida. Kai da rubu'in dariyar." Cindo ya ce mata lissafin fatauci ba na mata ba ne.

Cikin kwana uku ya sami mutanensa. Dogo mahauci ya sayi ƙafar baya ta dama, ya ce can ne tsoka take. Sajo, Bafulatanin da rugarsa ke bayan gari, ya sayi ta hagu. Gwaggo Yelwa mai daddawa, ƙanwar babansa, ta kwance bakin zane ta sayi ta gaba, bayan ta sa ya rantse sau biyu. Ɗayar ta gaba ta zama ta Cindo, tare da riƙon akala, igiyar da ake jan raƙumi da ita, wadda ya saya da kuɗin aljihunsa.

Ranar Alhamis aka je Maigatari. Buzun da ya sayar da taguwar ya so ya nuna masa yadda ake sa ta ta gurfana da yadda ake ɗaura mata kaya, amma Cindo ya ɗaga masa hannu ya ce shi a cikin raƙuma ya tashi, Agadas ma ya san ta gida-gida. Alhali kafin ranar nan iyakar tafiyarsa Gumel ce. Buzu ya dube shi ta saman rawani, ya ƙirga kuɗinsa, ya yi gaba.

A ƙasa Madugu ya dawo Ɗanzomo, don taguwa ta ƙi gurfana. Ya yi mata tsawa, ya lallashe ta, ya gurfana da kansa a gabanta ko za ta gane, ita kuwa tana ta tuƙa tana kallon sama. Ya ce wa mutanen da suka taru ai manyan madugai ba sa hawa ranar farko. Ya ɗaure ta a jikin darni ya shiga cin tuwo. Kafin ya wanke hannu ta cinye darnin, ta miƙa wuya ta yaye jinkar rumbun maƙwabci, ta shiga damman gero kamar an yi mata shimfiɗa.

Maƙwabci ya kai ƙara wurin mai gari, aka yanke sule goma sha biyu. Cindo bai damu ba, don ga ranar da ya yi tanadi dominta, ranar kuka tare. Ya tara masu ƙafa ya ce kowa ya kawo sule uku. Dogo ya ce shi ƙafa ya saya, bai sayi baki ba. Sajo ya ce ƙafarsa na baya, ita ce ta fi kowa nisa da rumbun. Gwaggo Yelwa ta ce wanda ya riƙe igiya shi ya san inda wuya ya nufa, kuma in ya ƙara yi mata maganar kuɗi za ta tuna masa wadda ta yi masa wanka yana jariri. Aka watse, Cindo ya yi kukansa shi kaɗai.

Larai ta ce ya je wurin Baba Ilu ya ranto sule goma sha biyun, bai kai a taɓa gona ba. Cindo ya ce ya riga ya faɗa a gaban dattijo cewa ba ya cin bashi, ba zai koma ya lashe ba. Sai ya zagaya mahauta, ya ja Dogo gefe, ya sayar masa da tasa ƙafar a kan sule goma sha biyar. Sharaɗi ɗaya ya sa, kada kowa ya ji, don kada sauran su yi hassada. Dogo ya yi murna, yanzu rabin taguwa nasa ne. Cindo ma ya yi murna, ya ce a ransa da ribar tafiyar farko zai fanshi abarsa. Bai tsaya ya tambayi yatsunsa ba wace riba ke zuwa wa mutumin da ba shi da ƙafa.

Tafiyar farko ta ɗauki sati biyu ana shawara. Cindo ya samo gyaɗar wasu manoman Gagarawa da za a kai Gumel. Dogo ya ce ƙafarsa ba za ta taka ba sai an ɗora fatunsa. Gwaggo Yelwa ta ce daddawarta ta fi gyaɗar kowa daraja. Sajo ya ce kada a ɗora mata komai, a bar ta ta huta, bai kuwa faɗi dalili ba. Tun da taguwa ba ta tafiya da ƙafa uku, sai aka ɗora duka, Cindo ya hau kan turmi yana ɗaure kaya a tsaye, ɗaurin da ko akuya ta gani ta san ba zai kai ba.

Sun baro Gagarawa da hantsi, yana gaba yana waiwaye ko mutane na kallo. Suna kallo kuwa. A bakin wani tafki da ruwan damina bai gama janyewa ba, taguwar da ta yi wata guda tana ƙin gurfana ta ga dama. Ta shiga tsakiyar ruwa ta gurfana, ta kwanta a gefe ɗaya, ta juya ɗayan. Gyaɗa ta bazu tana yawo a kan ruwa, fatu suka jiƙe, daddawa ta narke, warinta ya kai har cikin gari. Matan da ke ɗiban ruwa suka ajiye tulunansu suna riƙe ciki. Wata tsohuwa ta ce wa Cindo, tun da ya riga ya kaɗa musu tafki, ya taimaka ya koma ya kawo kuka da gishiri.

Cindo na tsaye cikin ruwa iya gwiwa, ya bayyana musu cewa haka ake yi a Agadas, ana jiƙa gyaɗa don ta ƙara nauyi. Masu gyaɗar ba su karɓi wannan ilimi ba, suka ce kuɗinsu ko alƙali.

Fatun Dogo sun bushe, shi bai yi asara ba. Kuɗin gyaɗa ne ya tsaya a wuya. Cindo na zaune ya rafka tagumi sai ga Sajo ya zo da sandarsa a kafaɗa, ya zagaya taguwar, ya shafa cikinta, ya tambaya a hankali ko Cindo zai sayar masa da tasa ƙafar. Da gaskiya za a bi, amsar gajeriya ce. Amma Cindo ya duba, ya ga ƙafar nan tana nan a jikin taguwa, ba ta ragu ba don an sayar da ita sau ɗaya, Dogo kuma bai cire ta ya tafi da ita ba. Ya karɓi sule goma sha biyar, ya ce kada kowa ya ji, ya je ya sallami masu gyaɗa.

Washegari Gwaggo Yelwa ta iso tun daga ƙofar gida tana lissafa daddawarta ƙwaya-ƙwaya. Babu ko kwabo a hannunsa, ga ta kuma ta zauna a tabarma ta ce ba inda za ta. Ya rage murya ya ce, "Gwaggo, me za ki yi da kuɗin daddawa? Na ba ki ƙafata. Ƙafafun gaba duka naki, ke ce gaban taguwa. Amma kada kowa ya ji." Gwaggo ta tashi tana sa masa albarka.

Bayan ta fita ya ƙirga a hannun dama: Dogo biyu, Sajo biyu, Gwaggo biyu. Yatsun suka ƙare daidai, har ya ji wani daɗi-daɗi, kamar lissafi ya fita. Sai da ya leƙa waje ya ga taguwar tsaye a kan abin da Allah ya ba ta, sannan gumi ya karyo masa. Larai, wadda ta ji komai daga madafa, ta tambaye shi ko sauran biyun a Agadas ya baro su.

Daga ranar Cindo ya gane matsayinsa sarai. In taguwa ta kawo riba, za a zauna rabo, a ƙirga ƙafa. In ta mutu, Dogo zai fiɗe ta, a ƙirga ƙafa. Abin da zai cece shi kawai shi ne ta rayu, kada ta samu, kada ta rasa. Sai ya duƙufa a kan haka da iyakar ƙarfinsa, kuma a nan ne kaɗai ya nuna gwaninta. Manomi ya zo da gyaɗa, ya ce taguwa na mura. Mai kanwa ya zo daga Sule Tankarkar da kuɗi a hannu, Cindo ya tsallake katanga ta baya. Larai ta ce ta ga fatake iri-iri, amma ba ta taɓa ganin madugun da ke gudun ciniki har da tuntuɓe ba.

Taguwa kuwa hutu ya karɓe ta. Kowane mai rabi yana zuwa a ɓoye yana kyautata wa rabinsa. Dogo na kawo dusa yana latsa cinya, Sajo na kawo harawa da kanwa, Gwaggo Yelwa na kawo ƙanzo tana kiranta 'yar albarka. Cikinta ya yi ta girma. Cindo ya ce wannan kiwon Agadas ne, sirrinsa ba ya faɗuwa. Sajo dai murmushi yake yi, domin tun ranar Maigatari idonsa na makiyayi ya gaya masa da ciki aka sayo ta.

Da bazara, wata safiya, Cindo ya fito ya tarar da ɗan taguwa fari sol yana rawar ƙafa a gindin uwarsa. Unguwa ta cika da barka. Mata na guɗa, maza na ce masa Madugu, wannan karon ba da zolaya ba. Shi kuwa yana tsaye yana amsa gaisuwa da ƙyar, don bai taɓa ganin alheri mai ban tsoro irin wannan ba.

Masu ƙafa suka ce a kai su Maigatari a sayar a raba. Bakinsu ya zo ɗaya karo na farko, saboda kowa na lissafin rabi. Cindo ya ce a jira ɗan ya yi ƙwari, aka jira. Ya ce Alhamis ɗin nan ba ta da sa'a, aka ɗaga. Ta uku ya ɗaura wa taguwa tsumma a ƙafar gaba ya ce tana ɗingishi. Su ukun suka yi carko-carko a kan ƙafar, kowa na duba ta da irin kulawar mai abu, har Cindo ya ga in aka ƙara minti ɗaya wani zai yi suɓul da baka. Da hannunsa ya kwance tsumman ya ce ta warke.

Kasuwa ta cika ranar, har da mutanen Damagaram. Baba Ilu na nan a rumfar kanwa. Mai sayen da ya fi kowa tayi kuwa shi ne Buzun nan na bara, wanda ya gaishe da Cindo ya tambaye shi mutanen Agadas. Ya taya uwa da ɗa fam takwas, aka sallama. Sarkin dillalai ya zauna a kan shimfiɗarsa ta fata, ya kasa kuɗin kashi huɗu, fam biyu-biyu, ya ce kowane mai ƙafa ya matso.

Dogo ya sa hannu ya ja kashi biyu. Sajo ya ɗora sandarsa a kan ɗaya daga ciki ya ce a yi a hankali, biyu nasa ne. Gwaggo Yelwa ta ce su biyun su raba na baya can, gaba duk nata ne, ɗan ɗan'uwanta na tsaye a tambaye shi. Aka juya ana neman ɗan ɗan'uwa, aka same shi ya ɓuya a bayan taguwa yana gyara akalar da ba abin da ya same ta.

Sarkin dillalai ya sa kowa ya faɗi nasa, yana ajiye tsakuwa. Tsakuwa shida. Ya tashi da kansa, dattijo mai furfura, ya zagaya taguwar yana taɓa kowace ƙafa da sanda yana ƙirgawa a fili, kasuwa na amsa masa. Ya sake zagayawa ta ɗaya hannun ko an bar wata a baya. Masu awaki suka bar awakinsu, masu fura suka bar ƙwaryarsu, aka yi musu zobe.

Nan Cindo ya ga wata 'yar ƙofa, ya yi ta maza ya fito. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a ƙirga da na ɗan. Huɗu da huɗu takwas. Shida nasu, biyu nawa."

Dariyar da aka yi har raƙuman zango sai da suka ɗago kai. Buzu ma, da ba a taɓa ganin haƙoransa ba, rawaninsa ya yi ta girgiza. Sarkin dillalai ya share hawaye ya ce lissafin ya yi kyau, sai dai ɗa bin uwarsa yake, mai ƙafar uwa shi ne mai ƙafar ɗa, haka aka tarar ana yi. Ya yanke cewa cinikin Dogo shi ne na fari, saboda haka biyu nasa. Sajo ɗaya, Gwaggo ɗaya. Ƙafa biyun da babu su kuwa suna wuyan wanda ya sayar da su, kuma a farashin yau, tun da masu su sun yi wata da watanni suna ciyar da su. Fam huɗu, kafin a tashi kasuwa, ko a wuce gaban alƙali a Gumel.

"Ni fa nawa ne kasona?" in ji Cindo, muryar ta sirance.

Sarkin dillalai ya tambaya ko akwai abin da ya saya da kuɗinsa bai sayar ba. Aka bincika, aka kwance akala aka miƙa masa.

Zoben mutane ya buɗe, Baba Ilu ya shigo a hankali da jakarsa. Bai yi dariya ba, abin da ya fi yi wa Cindo ciwo ke nan. Ya ce, "Ɗana, yau hanya ɗaya ce."

Cindo ya buɗe baki, kasuwa ta yi shiru tana jiran Agadas. Ya dubi igiyar da ke hannunsa, ya ce, "Na sani, Baba. Gonar."

Ilu ya ƙirga fam huɗu a gaban shaidu. Da yana ɗaure bakin jaka ya ce, ba da faɗa ba, bara fam uku ne da taguwa da abin da ke cikinta, bana fam huɗu ne da igiya.

Da damina ta sauka, Cindo ya koma gonar ubansa da fartanya, ɗan ƙodago a wurin Ilu, ana biyansa da yamma kamar kowa. Fam huɗun bai taɓa haɗuwa ba, shi ya sa har yau in mun bi hanyar Gumel muke nuna wa 'ya'yanmu kuka biyun nan daga nesa. An ce wata rana ayarin kanwa ya zo wucewa, ga taguwar a ciki da kaya niƙi-niƙi, ga farin ɗanta na biye. Sauran 'yan ƙodago suka ce Madugu ga dukiyarka nan. Ya miƙe ya dafa ƙugu, ya bi su da ido har suka shige, leɓɓansa na motsi. Suka tambaye shi nawa ya samu. Ya ce ƙafa takwas ce, ya ƙirga sau biyu, babu tasa a ciki, sannan ya sunkuya ya ci gaba da noma.

Akalar kuwa Larai ta ɗaura wa guga, ta yi shekara tara tana jan ruwa da ita. Takan ce duk cikin ayarin maigidanta, ita kaɗai ce ta taɓa kawo wani abu gida.